Littattafan koyon umarnin kwamfuta da ake bayarwa kyauta

A shekarar 1999, wani malamin jami'a a Amurka mai suna Allen Downey ya lura ɗalibansa na ajin farko ba sa karanta littafin da aka ba su na koyon rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni, domin ya cika girma da ɗaurin kai. Sai ya rubuta nasa ɗan ƙarami a kan harshen na'ura da ake kira Java, ya kuma ba kowa izinin ya kwafa, ya gyara, ya raba. Wani malamin sakandare a jihar Bajiniya, Jeff Elkner, ya ɗauki littafin ya juya shi zuwa harshen Python. Abin mamaki, shi kansa Downey ta hanyar karanta wannan juyi na littafinsa ne ya koyi Python. Daga nan wani malami a ƙasar Beljiyam, Gérard Swinnen, ya ɗora a kan wannan aiki ya fitar da nasa da Faransanci.

To, a nan ne ya kamata masu karatu, musamman ma'aikatan ilimi, su bambanta abu biyu. Littafin kyauta daban, littafin da aka sake wa mara daban. Na farko karantawa kurum za ka yi. Na biyu yana tafe da takardar izini, irin waɗanda ƙungiyar Creative Commons ta fara fitarwa a 2002, wadda ta yarje wa malami ya fassara, ya rage, ya sauya misalai, muddin ya ambaci mai aikin na asali. Wasu izinin suna da sharaɗi: darussan da makarantar MIT ta yi shelar sakewa a 2001 an hana yin kasuwanci da su. Wajibi ne a karanta sharaɗin tun kafin a kai littafi maɗaba'a.

Hukumar UNESCO ce ta raɗa wa irin waɗannan kayan koyarwa suna a wani taro a birnin Paris a 2002, kuma a watan Nuwamba na 2019 ƙasashe membobinta suka amince da wata shawara da ta nemi gwamnatoci su saki kayan koyarwar da aka yi da kuɗin jama'a.

Mene ne rabonmu a ciki? Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko na jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, yana iya samun littafin Swinnen ba tare da ya biya ko dala ba. Amma kyautar tana da nata tsada. Darussa irin na CS50 na Jami'ar Harvard da Turancin Ingilishi suke, yawancinsu kuma bidiyo ne masu cin kuɗin intanet. Wannan fanni kuwa ba a iya shi da ido: sai an zauna gaban na'ura, an rubuta, an yi kuskure, an sami mai gyara. Ga shi kuma littattafan suna tsufa da wuri. An daina kula da Python 2 tun watan Janairu na 2020, alhali tsofaffin kwafi suna nan suna yawo daga waya zuwa waya.

A ganinmu, babban amfanin yana wajen malamai. Izinin da ya ba ɗan Beljiyam damar rubuta nasa, shi ne zai ba malamin Maraɗi damar sa lissafin buhunan gero da farashin albasar Galmi a cikin aikin gida, ya yi bayanin wurare masu wuya da Hausa. Wannan aiki ne na watanni, yana bukatar lokaci da lada. Idan hukumomin jami'a ba su lissafa shi cikin abin da ake duba wa malami wajen ƙarin girma ba, kaɗan ne za su ɗauke shi.