Jarumi Kaɗai Ba Ya Ɗaukar Jinka

Jama'a, wai har yaushe za mu riƙa ɗaukar ɗan wasan barkwanci tamkar ɗan rakiya? A fim ɗin nan na yaƙin sararin samaniya, Star Wars na 1977, Anthony Daniels da Kenny Baker ne suka shiga rigunan mutum-mutumi suna ba mutane dariya. Ba a ga fuskokinsu ba, amma duniya ta riƙe sunayensu.

To mu fa? Tun 1969 Umaru Dembo ya kai mu sama a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Labari muna da shi. Gwanaye ma mun yi su, irin su Samanja da Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Wurin koyo da kayan aiki ne suka yi mana ƙaranci. A 2016 an yi niyyar gina ƙauyen fim a Kofa ta Bebeji, suka ta yi yawa, aka fasa. Ai da gyaran tsarin aka nema, da ya fi. Yanzu yaron Kiru ko Doguwa mai baiwar ban dariya, ina zai koyi sana'ar? Masu cewa a fasa, sai ku ba shi amsa.