Haƙƙin Karen Yaƙi a Wuyan Mai Riƙonsa

A ranar 28 ga watan Oktoba na shekarar 2013, a sansanin sojojin sama na Lackland da ke birnin San Antoniyo, cikin jihar Teksas ta Amurka, hafsoshi da tsofaffin mayaƙa suka hallara domin buɗe wani wurin tunawa wanda ya saɓa wa irin waɗanda aka saba ginawa don girmama sarakunan yaƙi, gama abin da aka girka a bisa dandamalin dutsen shi ne mutum-mutumin soja guda na tagulla, mai tsawon ƙafa 9, tare da karnuka huɗu, kowanne daga irin da rundunonin ƙasar suka yi aiki da shi tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya ɗauki ɗawainiyar wannan al'amari shekara da shekaru shi ne John Burnam, tsohon soja da ya riƙe kare a yaƙin Biyetnam. Izinin ginin ya fito cikin dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2008, amma kuɗinsa daga gudummawar jama'a aka tara, baitulmali bai biya ba. An kuma zaɓi Lackland ne saboda a can ake horar da karnukan soja da masu riƙonsu.

Na san mai karatu zai iya yin murmushi, ko ma ya yi tsaki, domin a wurinmu kare sunan zagi ne, da yawanmu kuma mun tashi muna ɗaukarsa najasa tsantsa. To, amma in aka koma ga abin da malamanmu suka karantar, za a tarar hukuncin ya fi haka faɗi: a mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi, kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuwa ta'abbudi ne, Alƙur'ani ya halatta naman da horarren kare ya kamo a farkon Suratul Ma'ida, ya kuma ambaci karen As'habul Kahfi kwance a bakin kogo tare da salihan bayi, hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Maharbanmu ma sun san darajar kare mai hanci, ba su jiran wani ya gaya musu. Saboda haka ba na musun cewa dabbar da ta yi wa mutum hidima tana da haƙƙi a kansa. Tambayar da nake yi ita ce ko wannan haƙƙi an biya shi, da kuma abin da ake biyansa da shi.

Hidimar kuwa babba ce. A Biyetnam karen sintiri shi ne ke gaba, mai riƙonsa na biye, sauran sojoji a baya, ta yadda in akwai kwanton ɓauna ko tarkon nakiya su biyun ne farkon waɗanda za su gamu da shi. Mai riƙon kare tilas ya iya karanta motsin kunnen dabbarsa da tsayuwarta kamar yadda ɗalibi ke karanta allo, in ya yi kuskuren fahimta rayuka su salwanta. A Iraƙi da Afganistan, inda bama-baman da ake binnewa a gefen hanya suka fi kome kashe sojoji, hancin kare ya kasance daga cikin abubuwan da aka fi dogara da su, duk da ɗimbin dukiyar da aka kashe a kan na'urori. Tun kafin wannan, a tsibirin Guwam, karnuka 25 ne suka mutu a fafatawar 1944, an kuma gina musu nasu wurin tunawa a 1994.

Sai dai duk wanda zai yi maganar Lackland da adalci ba zai tsallake abin da ya auku a ƙarshen yaƙin Biyetnam ba. Karnuka wajen 4,000 suka yi aiki a can, amma waɗanda aka fitar daga ƙasar ba su wuce kimanin 200 ba. Wasu sun mutu a fagen fama ko da cuta, sauran kuwa, da yake a littafin soja an lissafa su cikin kayan aiki kamar tanti da akwatin harsashi, sai aka kashe su da allura ko aka bar wa sojojin Kudancin Biyetnam, aka hau jirgi. Samarin da suka kwana suka tashi da waɗannan dabbobi, waɗanda da dama cikinsu suka san cewa da ba don su ba da gawarsu aka kai gida, an umarce su su miƙa igiya su juya baya, kuma sun ɗauki wannan baƙin ciki har tsufa. A ganina daga wannan cin amana ne wurin tunawar ya tsiro, shi ya sa ma sashen da ya fi sauran taɓa zuciya ba manyan gumakan ba ne, wata 'yar maɓuɓɓuga ce a gefe, inda aka siffanta sojan Amurka na yaƙin Biyetnam yana tsiyaya ruwa daga gorarsa cikin hular kwano domin karensa ya sha. Musulmi ba zai ji wannan ba face ya tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Abin lura a nan shi ne mutumin aka ba ladan, domin shi ne mai zaɓi.

Wannan ne ya sa nake ƙin yadda ake kiran karnukan jarumai da masu kishin ƙasa, kamar yadda masu jawabi suka saba yi a irin waɗannan bukukuwa. Kare ba mukallafi ba ne. Bai san tuta ba, bai san Amurka ba, bai karanta dalilin yaƙi ya gamsu ba. Ubangidansa ya sani, shi yake bi. Mutanen Ingila sun fi kusa da gaskiya, da suka rubuta a jikin wurin tunawa da dabbobin yaƙi da suka buɗe a London a 2004 cewa dabbobin ba su da zaɓi. Irin horon da ya sa kare ya gano nakiya ya ceci runduna, shi ne aka karkatar a kurkukun Abu Guraib na Iraƙi, inda aka riƙa tsorata fursunoni da karnuka, har kotun soja ta sami masu riƙon kare biyu da laifi a 2006. Ba wanda ya gurfanar da karnukan, kuma daidai ne, domin alƙalami ba ya hawa kansu. In kuwa laifi na mutum ne a Abu Guraib, to hisabin abin da aka yi a Biyetnam ma na mutum ne, da hukumar da ta aike shi.

Game da sassaƙa surar abu mai rai, hukuncin shari'armu sananne ne, ba kuma zan ba kowa shawarar ya kwaikwayi gunkin ba. Su al'adarsu ke nan ta tunawa. Abin da ya cancanci a duba shi ne gyaran da aka yi a doka, wanda ya fi tagulla amfani ga mai rai. Har zuwa shekarar 2000, karen da ya tsufa a aikin soja allura ce yawanci makomarsa, sai a waccan shekara Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da aka fi sani da sunan wani kare Robby, wadda ta halatta a ba da su riƙo. A 2015 kuma aka ƙara da cewa a dawo da su gida in sun gama aiki a ƙetare, a kuma fifita mai riƙonsu wajen karɓa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, askin nan kuwa bai kammala ba, domin karen da ya fito daga aiki da ciwon gaɓoɓi, ko da firgitar da likitocin dabbobi na soja suka tabbatar tana kama su kamar yadda take kama mutane, kuɗin maganinsa galibi a wuyan wanda ya ɗauke shi yake, sau da yawa tsohon soja mai ƙaramin ƙarfi da ke fama da nasa rauni, sai fa abin da ƙungiyoyin agaji suka taimaka. Hukumar da ta iya sayen kare da tsada ta horar da shi watanni ta tura shi gaban nakiya, ita ya kamata ta biya likitansa har ranar da zai mutu.