Gyaran gidan haya a Sabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Akwai wani labari da duk wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya sha ji, sunayen mutanen ne kawai ke canjawa. Magidanci ya kama ɗaki biyu. Damina ta sauka, kwano yana yoyo, sokawe ya cika, bango ya tsattsage. Ya kai kuka wurin mai gida, sai aka ce masa: “Ka gyara, ai kai ke ciki, za mu daidaita.” Ya kira kafinta da birkila, ya sa tayil, ya sayi tankin ruwa, ya haɗa mita. Da shekara ta zagayo, mai gida ya leƙo, ya ga ɗaki ya yi kyau, sai ya ƙara kuɗin haya. In ɗan haya ya yi gardama, a ba shi takardar tashi, a zuba wani a ɗakin da guminsa ya gyara.

Wannan zalunci ne, ko da doka ba ta kira shi da sunan ba. Amma laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne, kuma maganinsa yana hannun mutanen Sabo kansu kafin ya kai ga gwamnati.

Sabo ta kafu ne a 1916, lokacin da hukumomin mulkin mallaka suka keɓe wa Hausawan Ibadan wuri kusa da Mokola. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a kanta a 1969, ya nuna cewa kasuwancin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara ne kacokan a kan “mai gida”. Shi ke saukar da fatake, ya ba su masauki da abinci, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu a kan bashi. Ikonsa daga gidajensa yake, amma jarinsa na gaskiya amana ce. Dukiya mai yawa ta riƙa sauya hannu ba tare da takarda ba, domin wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano.

Wannan gadon ne ya sa har yau ɗan haya a Sabo yake jin nauyin ya ce wa dattijo, “Alhaji, a rubuta.” Gani yake kamar ya zarge shi. Sai dai zamani ya juya. Yawancin tsofaffin gidajen sun zama na gado, magada da yawa, wasu ma ba a garin suke ba. Wanda ya yi maka alkawari jiya ya rasu, ɗansa ya ce bai san da maganar ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Wani gidan kuma ejan ne ke karɓar haya, shi kuwa ribarsa tana cikin sabon ɗan haya, ba tsoho ba. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana yanka.

Me doka ta ce? Ƙa’idar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ita ce duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ko gini ya zama na mai ginin. Tayil ɗin da ka manna, da rijiyar burtsatsen da ka haƙa, ba za ka naɗe su ka tafi da su ba. Amma akwai ƙofa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi idan mai gida ya tashe shi, bisa sharaɗin cewa tun farko ya samu izinin mai gidan a rubuce. Dokar karɓe gidaje da ke aiki a Abuja ita ma ta ɗora diyyar a kan rubutaccen izini. Darasin ɗaya ne: “za mu daidaita” ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuɗin da ɗan haya ya kashe da nufin a cire masa daga haya bashi ne a wuyan mai gida. Wanda ya nemi a rubuta bai raina kowa ba, umarni ya bi.

Sai dai adalci ya wajabta a saurari mai gida. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki uku ce abincinta da na marayunta, ba ta da abin sauya kwano. Akwai kuma ɗan hayan da zai wayi gari ya fasa bango, ya sa abin da ransa ke so ba da sanin kowa ba, sannan ya kawo lissafin da ya ninka, ya ce ba zai biya hayar shekara biyu ba. Wannan ma cin hakki ne. Ba a tilasta wa mutum sayen abin da bai yi oda ba.

Don haka dole a rarrabe abu uku. Na farko, gyaran da gida ba ya zaunuwa sai da shi: rufi, bango, masai, magudanar ruwa, wayar lantarki mai haɗari. Wannan nauyin mai gida ne, domin abin da yake karɓar kuɗi a kansa ke nan. A garin da ya ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta watan Agustan 2011, magudana ba kwalliya ba ce. In ɗan haya ya biya, a cire masa daga haya. Na biyu, ƙarin da ke ɗaga darajar gida ya kuma daɗe, kamar burtsatse, tayil ko mita. Wannan sai da izini, a kuma yi ittifaƙi a kan shekarun da kuɗin zai narke a cikinsu; in aka tashi mutum kafin wa’adin, a biya shi ragowar. Na uku, abin sha’awa, irin fenti mai launi ko silin na ado. Wannan ɗan haya ya ɗauka sadaka ya yi wa idonsa.

Sama da duka, kada a ƙara wa mutum haya saboda gyaran da shi ya biya. Wannan biya biyu ne a kan abu ɗaya. Ingila ma ta gane haka: dokarta ta 1954 ta ce idan kotu za ta yanka wa ɗan kasuwa sabuwar haya, ba za ta lissafa ƙarin darajar da gyaransa na ƙashin kansa ya jawo ba.

Sabo tana da abin da unguwanni da yawa ba su da shi: sarki, masu unguwa, limamai da ƙungiyoyin ’yan kasuwa da ake jin maganarsu. Fadar Sarkin Hausawa za ta iya fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Yarbanci da Turanci, mai ɗauke da irin aikin, da kuɗinsa, da yadda za a mayar, da sa hannun shaidu biyu, a ajiye kwafi a fada. A haɗa da rasit da hoton ɗakin kafin aiki da bayansa. Waya tana aljihun kowa. Majalisar Dokokin Jihar Oyo kuma ta duba yadda za ta hana ƙarin haya a kan gumin ɗan haya, domin matsalar ba ta tsaya a Sabo ba.

In ba a yi haka ba, kowa zai yi asara. Ɗan hayan da aka ƙona sau ɗaya ba zai sake sayen ƙusa ba. Zai tara bokiti a ƙarƙashin yoyo har ranar da zai tashi. Gidan ya ci gaba da ruɓewa, magada su gaji kango. Unguwar da amana ta gina fiye da shekara ɗari ba ta cancanci ta rushe saboda kunyar neman biro da takarda ba.