Jibiya: Bakin iyakar da aka manta cewa gona ce

Idan aka ambaci Jibiya a kafafen yaɗa labarai a 'yan shekarun nan, abu biyu ke zuwa zukatan mutane, fasa-ƙwauri da 'yan bindiga. Kusan an manta cewa wannan ƙaramar hukuma da ke arewa maso yammacin Jihar Katsina, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 170,000, ƙasar noma ce tun asali. Gero da dawa da wake da gyaɗa su suka riƙe gidajenta tun kafin a kafa shingen kwastam na farko a Magama, kuma su ke riƙe da su har yau.

Iyakar da ta raba Jibiya da Maraɗi ba ta daɗe ba idan aka auna ta da tarihin yankin. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓen Katsina da suka rasa gadon mulki sun yi arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe ake ce mata Katsinar Maraɗi. Sai a yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 ne aka ja layin da ya mayar da ɗan'uwa baƙo. Layin ya raba hukuma, amma auratayya da cinikayya da kiwo sun ci gaba yadda suke. Ko Kogin Gada bai san da shi ba, domin daga Jibiya yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake karkatowa Najeriya ya haɗe da Rima.

A kan wannan kogi aka gina Dam ɗin Jibiya. Yana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, kuma an tsara shi don shayar da hekta kusan 3,500 a noman rani, ban da ruwan sha. Matsalar ita ce ɗan yanki kaɗan ne na filin ruwa ke gangarawa da kansa. Mafi yawansa sai an tura ruwan da injina, injina kuwa suna cin mai da wuta da kuɗin gyara. Duk shekarar da suka tsaya, manomi na kallon ruwa shimfiɗe a gabansa amma gonarsa a bushe, sai mai hali ya sayi ɗan injinsa ya haƙa rijiyar burtsatse. Fiye da shekara 30 ke nan ana jiran aikin ya kai inda aka tsara masa.

Matakan gwamnati a kan iyaka sun ƙara wa ƙasar nauyi. A Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin tudu don hana shigo da shinkafa da makamai. A Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke ƙasa da kilomita 20 daga iyaka, wato aka hana mai noman rani abin da zai tayar da injinsa. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya sai da ta jira har Afrilun 2022. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame ƙofar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda ya zana waɗannan matakai yana Abuja, wanda albasarsa ta ruɓe a buhu yana Jibiya.

Ba a musun cewa ana fasa-ƙwauri a yankin, kuma haƙƙin hukuma ne ta san abin da ke shiga ƙasarta, musamman makamai da miyagun ƙwayoyi. Sai dai abin da aka gani shi ne, manyan masu fasa-ƙwauri sun koma ɓarauniyar hanya sun ƙara farashi, yayin da ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu biyar na wake yake biyan na goro a shingayen da suka yi yawa tsakanin Katsina da Jibiya. Kowace naira da aka karɓa a hanya, daga kuɗin manomi ake zare ta, ko a ɗora wa mai saye.

Babbar musibar ita ce ta tsaro. 'Yan bindigar da suka yi sansani a dazukan da suka haɗa Katsina da Zamfara sun tayar da ƙauyuka, sun kore shanun huɗa, sun sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya. A Maris 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwaso 'ya'yansu a ƙafa zuwa cikin gari bayan an janye sojojin da ke gadinsu. Sulhun da aka yi da wasu 'yan bindiga a 2025 ya kawo sauƙi, amma zaman lafiyar da ya dogara ga alƙawarin mai riƙe da bindiga ba abin da za a kwanta a kansa ba ne.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa Jibiya. Idan ba a yi shiri ba, jirgin zai riƙa wucewa da kayan wasu, 'yan gari na ɗaga masa hannu.

Don haka ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana wa jama'a hekta nawa ake shayarwa a yau, ta mayar da injinan turo ruwa kan wutar sola, ta yashe magudanan da rairayi ya cike. Ambaliyar Yulin 2018 da ta ci rayuka fiye da 40 a garin ta isa nuna cewa ruwan da ba a kula da hanyarsa ba ɓarna yake yi. Hukumar Kwastam da sauran jami'an tsaro su haɗe shingayensu wuri ɗaya, a liƙa jerin kuɗin da doka ta yarda a karɓa inda kowa zai gani. Gwamnatin Katsina ta sa jami'an tsaro na dindindin a ƙauyukan da mutane ke komawa, ta ba su iri da taki kafin ruwan farko, domin takin da ya iso a Agusta bai amfani gero. A tashar jirgi kuma a tanadi rumbunan ajiya da wurin lodin hatsi da dabbobi tun yanzu.

Ita kuma Gwamnatin Tarayya, duk ranar da saɓanin siyasa ya sake tasowa tsakaninta da Yamai, ta ware abinci da dabbobi da magani daga duk wani takunkumi. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yadda za su raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Gada. Waɗanda suka iya zama suka daidaita a kan ruwa, za su iya daidaitawa a kan hatsin da ruwan ya fitar.