Daga Unguwar Rogo Zuwa Ƙaramin Gari: Riba Da Hasarar Barin Birnin Sakkwato

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, inda farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, tsadar rayuwa ta zama abin tattaunawa a kowace majalisa da ke cikin birnin Sakkwato. A Unguwar Rogo, kamar sauran unguwannin da ƙananan ma'aikata da 'yan fansho da masu sana'ar hannu suka yi wa yawa, akan ji magidanci yana cewa da zai samu hali da ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Wannan magana ta cancanci a yi mata duba na tsanaki, domin kuwa ƙaura da iyali ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya sayar da ɗan abin da ya mallaka ya tafi, dawowa kan yi masa wuya.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa zama a ƙananan garuruwa tsohon tsari ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, shi da kansa ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837 aka kuma yi masa makwanci. A littafinsa Usulus Siyasa ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya wadata garuruwa da su, ya kuma raya kasuwanni da hanyoyi. Abin lura a nan shi ne, magabata ba su tura jama'a gari ba sai da suka tanadar masa tsaro da sana'a. Wannan ma'auni ne ya kamata mai niyyar ƙaura ya riƙe har gobe.

Riba ta farko da mai komawa ƙaramin gari zai samu ita ce sauƙin muhalli. A cikin birni kuɗin haya na shekara kan cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci, ko da bayan ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. A garuruwa irin su Boɗinga da Yabo da Dange, mutum kan tarar da gidan gado, ko kuma ya samu fili a farashin da bai kai na birni ba. Haka kuma kuɗin ruwan da ake biyan 'yan garuwa da kuɗin Keke Napep na zuwa aiki da kai yara makaranta duk sukan ragu, tunda yawancin wurare ana isa gare su da ƙafa.

Riba ta biyu ita ce abinci. Magidancin da ke da gonar gero da dawa da wake, ya kuma haɗa da 'yan tumaki da awaki a bayan gida, tashin farashin mudu a kasuwa ba ya gigita shi kamar yadda yake gigita wanda komai sai ya saya. Allah ya albarkaci jiharmu da fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ga kuma madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, da filayen noman rani na Wurno da Kware, inda ake noma shinkafa da albasa da tafarnuwa da tumatir. Shekara da shekaru matasanmu ke tafiya cin rani kudancin ƙasar nan da zarar an gama girbi, alhali noman rani kan ba mai juriya aikin yi a gida. Bugu da ƙari, akwai zumunci da tarbiyya: yaro yana tashi a gaban kakanni da baffanni, kowa na da ikon tsawata masa.

Sai dai kuma duk abin da ke da amfani ba ya rasa illa. Babbar matsalar ita ce tsaro. Ƙananan hukumomin gabashin jihar, musamman Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma ba a manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. A watan Satumba na wannan shekarar ne aka katse layukan wayar salula a wasu ƙananan hukumomi domin ayyukan jami'an tsaro. A ƙarshen 2024 kuma hukumomin soja suka tabbatar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024 domin tallafa wa sojoji da 'yan sanda, amma gaskiyar magana ita ce, da yawa daga cikin baƙin da suka cika unguwannin birni gudun wannan fitina ne ya kawo su. Don haka garuruwan jihar ba ɗaya suke ba, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro.

Matsala ta biyu ita ce lafiya da ilimi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha duk a cikin birni suke. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke ganin likita a kai a kai, ko matar da haihuwa ta zo mata da gardama cikin dare, nisan tafiya na iya zame musu sanadin asarar rai. Haka nan, mai 'ya'ya a makarantar sakandare ya kamata ya bincika ko makarantar garin da zai koma tana da malaman lissafi da Turanci da kimiyya, kada sauƙin haya ya jawo wa yaro koma baya a karatu.

Matsala ta uku ta shafi sana'a da kasuwa. Tela ko makaniki ko mai gyaran waya da ke samun aiki kullum a Unguwar Rogo, a ƙaramin gari yana iya tarar da cewa ciniki sai ranar kasuwa, sauran kwanaki kuwa bashi ne sai an yi girbi. Wanda ya dogara da kasuwancin kan iyaka shi ma ya ga darasi a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni bayan juyin mulkin Jamhuriyar Nijar, har zuwa watan Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Noman fadama kuma yana da nasa haɗarin, kamar yadda ambaliyar watan Satumban 2010 ta nuna, wadda ta shafe gonaki da gidaje a garuruwan da ke bakin Gulbin Rima.

A bisa wannan, shawararmu ga mai niyyar ƙaura ita ce ya bi abin daki-daki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara zuwa shi kaɗai ya yi damina guda, ya ga abin da gonar za ta bayar kafin ya saki ɗakin hayarsa. Ya tabbatar da iyakokin gonar gado a gaban hakimi ko dagaci da sauran magada, tunda masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma filin da aka bari shekara ashirin da wuya a same shi yadda aka bar shi. Ya kuma yi shawara da maiɗakinsa, wadda sau da yawa ita ce za ta fi jin nauyin ɗibar ruwa da neman itace. Ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba yana iya duba garuruwan da ke kusa da birni, irin su Wamakko da Kware da Shuni, amma ya fara lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa na wata guda, ya kwatanta da hayar da yake gudu.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan da kansiloli da iyayen ƙasa kuwa, nauyin ya fi yawa a wuyansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, saboda haka sauƙaƙa wannan takarda zai rage rigingimun gona. Har ila yau, hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga watan Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara sa jama'a zuba ido su ga abin da za a yi musu. Rijiyar burtsatse mai aiki, da ƙaramin asibiti mai ungozoma da ke kwana a wurin, da makarantar firamare mai malamai, da hanyar da motar albasa za ta bi da damina, su ne abubuwan da magidanci ke tambaya kafin ya ɗaure kayansa. Garin da ya samar da su zai ga 'ya'yansa suna dawowa da jarinsu da iliminsu ba tare da an roƙe su ba, cunkoson birni kuma ya ragu.

Allah ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.