Data ta cika, gem na maƙalewa: ina matsalar take?

 

Ranar Asabar da ta wuce na je gai da yayata a Ƙofar Kabuga, sai na tarar da rigima a tsakar gida. Ɗanta, wanda ke aji biyar a sakandare, ya yi mako biyu yana ajiye kuɗin tara, ya sayi data mai yawa saboda gasar Free Fire da suka shirya da abokansa. Ana tsakiyar wasa sai mutumin nasa ya sandare wuri ɗaya, kafin ya motsa an harbe shi. Ya ɗora laifin a kan ƙanwarsa, ita kuma ta rantse littafi take karantawa. Yana ganina ya ce, "Kawu, gigabait goma fa na saya, amma lambar nan ta kusurwa sai ta tashi daga 90 ta koma 400." Har ya fara tunanin sayar da wayar ya ciko ya sayi wata.

Na san da yawanku kun taɓa shiga wannan hali, shi ya sa na ce bari mu yi maganar a wannan mako, kafin wani ya sake zubar da kuɗinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

Lambar nan ta kusurwa ita ake kira ping. Duk lokacin da ka taɓa allon wayarka don ka yi harbi ko ka buga ƙwallo, wayar tana aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa babbar kwamfutar kamfanin gem ɗin, wadda ake kira saba, ita kuma ta dawo da amsa. Tsawon lokacin zuwa da dawowar shi ne ping. Ana auna shi da milisakan, wato daƙiƙa ɗaya a raba ta gida dubu. Sunan ya samo asali ne daga wata 'yar manhaja da wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983, ya raɗa mata sunan ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke amfani da ita wajen sauraron amsa-kuwwa.

Abin da ya rikita ɗan yayata shi ne ya ɗauka yawan data da saurin amsa abu ɗaya ne. A ce an aike ka daga Ƙofar Kabuga zuwa Kasuwar Kurmi ka karɓo saƙo. Yawan data kamar yawan man da ke cikin tankin babur ne. Ƙarfin intanet ɗin, wanda ake aunawa da megabit, kamar faɗin titi ne. Ping kuwa shi ne mintunan da za ka yi kafin ka je ka dawo. Ko tanki ya cika maƙil, idan ka tarar da cunkoson adaidaita sahu a hanya sai ka jira. Gem ba ya cin data sosai idan aka kwatanta da kallon bidiyo. Saƙonninsa ƙanana ne, amma suna so su isa a kan lokaci.

Akwai wani ɓangare na ping da babu mai iya rage maka shi, shi ne nisa. Saƙon yana tafiya ne a matsayin haske cikin wayar gilashi da aka binne a ƙasa ko a ƙarƙashin teku, kuma a cikinta haske yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Kano zuwa Legas akwai kusan kilomita 1,000, zuwa da dawowa ya zama milisakan 10. Wayar MainOne da ta taso daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne, wato ƙarin milisakan 70. Ke nan idan sabar gem ɗinka tana Turai, ka riga ka ci bashin milisakan 80 tun ba a yi lissafin ƙarfen sabis da sauran na'urorin da ke kan hanya ba. Don haka mai wasa daga Kano da ya ga 100 ko 120 a tsaye, ba ta hawa ba ta sauka, wayarsa lafiya lau take.

Wani lokaci kuma matsalar daga can cikin teku take. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Najeriya. A irin wannan rana sai haƙuri.

Abin da ya fi ɓata wasa shi ne tsallen lambar, ta tashi daga 90 ta koma 400 ta sake dawowa. Shi wannan sau da yawa a cikin gida yake, kuma ana iya gano shi ba tare da kashe ko kwabo ba. Ga yadda muka bi shi da ɗan yayata.

Da farko mun tabbatar ko ping ne ke damun sa ko zafin waya. Idan hoto yana tafiya da kyar amma lambar kusurwa ba ta motsa ba, wayar ce ta yi zafi ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Wannan ya fi faruwa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, musamman ga mai wasa waya na jikin caji. Maganinsa a cire murfin wayar, a cire ta daga caji, a rage ingancin hoto a saitin gem ɗin. Nasa kuwa lambar ce ke tsalle, sai muka ci gaba.

Na biyu, muka duba inda 'yar na'urar MiFi ɗin gidan take. Tana can ƙuryar ɗakin mahaifiyarsa a jikin caji, shi kuma yana zaure. Tsakaninsu akwai katanga biyu na ginin ƙasa irin na cikin birni, kowace da kaurinta. Irin wannan gini yana sanyaya ɗaki, amma yana cinye siginar Wi-Fi, haka ma ƙofar ƙarfe da kwanon rufi. Idan saƙo ya lalace a hanya sai an sake aika shi, a nan lambar ke tsalle. Muka ɗauko na'urar muka ajiye ta a kan taga, inda take samun sabis da kyau, shi kuma ya zauna kusa da ita. Idan rautar gidanku tana da layi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, na farkon ya fi ratsa katanga amma ya fi cunkoso, na biyun ya fi kyau idan kana kusa. Mai PlayStation ko kwamfuta kuwa, babu abin da ya kai ya jona waya kai tsaye daga rauta zuwa na'urarsa.

Na uku, muka ƙirga wayoyin da ke kan na'urar. Guda shida ne, har da ta wani yaron maƙwabta da aka taɓa ba shi lambar sirri ranar suna. A nan ne kuma asiri ya tonu. Wayar ɗan yayata da kanta ce ke ɗora bidiyoyin wasanninsa a Google Photos a ɓoye, ga kuma Play Store na sabunta manhajoji. Hanyar fitar da saƙo ta fi ta shigowa ƙunci, don haka idan babban bidiyo ya tare ta, sai ƙananan saƙonnin gem su yi layi a bayansa kamar babura a bayan tirela. Wannan layin ne ya fi haddasa tsallen ping a gidaje. Muka kashe ɗora hotuna da sabunta manhaja ta atomatik, muka canza lambar sirri. Lambar ta tsaya tsakanin 95 da 110. Ƙanwarsa ta ce sai ya ba ta haƙuri a gaban kowa, kuma ya bayar.

Mai son ya auna da kansa, ga hanya. A kwamfuta mai Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ping, ka bar tazara, ka sa adireshin rautar. Yawanci yana rubuce a bayanta ko a cikin murfinta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Amsar bai kamata ta wuce 'yan milisakan kaɗan ba. Idan tana tsalle, matsalar tana tsakanin ka da rauta. Idan ta tsaya daidai, sai ka gwada ping 8.8.8.8, wadda saba ce ta Google. In nan ne take tsalle, to ko dai wani a gidan ya tare hanya, ko kuma matsalar daga waje take. A waya kuma shafin fast.com yana nuna lambobi biyu, ɗaya lokacin da layi ba shi da kaya, ɗaya lokacin da aka loda masa. Idan tazararsu ta yi yawa, ka san duk wanda ya fara sauke fim zai ɓata maka wasa.

Idan daga waje ne, ka lura da lokaci. Ƙarfen sabis ɗaya dukan unguwa ke rabawa, kuma bayan sallar isha'i kowa yana kan TikTok da WhatsApp. Gwada da safiyar Asabar ka ga bambanci. Gwada layin wani kamfani a wayar abokinka a daidai wurin da kake zama, domin layin da ya yi kyau a Kabuga ba lallai ya yi a Gwale ba. Kada cikar sandunan sabis ta ruɗe ka, ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna cunkoso. Ka kuma duba ko wayarka ta zame daga 4G ta koma 3G. Idan gem ɗin yana ba da damar zaɓar yanki, ka gwada su ka ɗauki mai ƙaramar lamba. Sannan a yi hattara da manhajojin da ke alkawarin rage ping da kuma VPN na kyauta. Yawancinsu zagaye suke ƙara wa saƙonka, wasu kuma talla suke cika maka waya da ita, ko su kwashi bayananka.

Ga aikin gida. Ka sami shafi ɗaya a bayan littafinka, ka yi mako guda kana rubuta lokaci, da wurin da ka zauna, da yawan wayoyin da ke kan layin, da lambar da ka gani. Canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, kamar yadda malamin kimiyya ke koya muku a ɗakin gwaje-gwaje, domin idan ka canza uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Sai kuma tambayar mako: idan saba tana da nisan kilomita 9,000 daga gidanku ta wayar gilashi, mene ne mafi ƙarancin ping da za ka iya samu? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Masu shirin WAEC da NECO kuma, a ɗan jingine gasar sai an ajiye biro.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.