Jinjina ga Masu Auna Mai a Kan Titi, Amma da Sauran Rina a Kaba

Lokacin da kamfanin BMW ya fito da jif ɗinsa X5 xDrive50e a 2023, takardar motar a Turai ta ce tana shan kimanin lita ɗaya ta fetur a tafiyar kilomita 100. Mota ce mai nauyin kusan tan biyu da rabi, injinta silinda shida. Ko babur ɗin ɗan acaɓa bai kai nan wajen tsimin mai ba. Kuma ba BMW kaɗai ba ne. Range Rover da Porsche Cayenne da Mercedes GLE da Volvo XC90 duk suna da irin wannan samfurin mai haɗa fetur da lantarki, wanda ake jona wa caji a soket, kowanne da lambarsa mai sanyaya zuciya. An yi shekaru ana sayar da su da waɗannan lambobi, gwamnatoci na sassauta musu haraji, masu saye na ganin sun yi sallama da gidan mai.

Yabon gwani ya zama dole. Hukumar Tarayyar Turai ta yi abin da ba kowace hukuma ke da zuciyar yi ba. Daga watan Janairun 2021 ta wajabta wa kowace sabuwar mota da za a sayar a ƙasashenta ta ɗauki na'urar da ke ƙirga man da ta sha da nisan da ta yi, a hannun mai ita, a kan titin gaske. A watan Maris na 2024 ta fitar da sakamakon motoci sama da 600,000 da aka yi wa rajista a 2021. Masu fetur zalla da masu dizil sun haura abin da ke takarda da kusan kashi 20 cikin ɗari. Masu jona caji kuwa sun ninka lambarsu sau uku da rabi: hayaƙin da takarda ta ce giram 40 ne a kowace kilomita, sai ga shi ya kusa 140. Wato hukumar da ta amince da gwajin ita ce da bakinta ta ce gwajin bai faɗi gaskiya ba, a nahiyar da miliyoyin mutane ke cin abinci daga ƙera motoci. Na jinjina mata. Na kuma jinjina wa masu bincike na cibiyar Fraunhofer ta Jamus da ƙungiyar ICCT, waɗanda tun a 2020 suka fara nuna wannan giɓi, lokacin da ba a son jin zancen.

Ta yaya lita ɗaya ta hau takarda? A ɗakin gwaji ake ɗora motar a kan na'ura, a tuƙa ta da cikakken batir har ya ƙare, sannan a sake tuƙa ta da batir wayam. Sai a haɗa sakamakon biyu bisa wani zato, cewa mai motar zai yi kashi 70 zuwa 85 na tafiyarsa da lantarki. Zaton nan shi ne tushen matsalar. Binciken Fraunhofer da ICCT na 2022, wanda ya duba motoci kimanin 9,000 a Turai, ya gano cewa masu motar kansu ba sa kai rabin tafiyarsu da lantarki, kuma suna shan lita 4 zuwa 4.4. Motocin da kamfanoni ke bai wa ma'aikatansu kuwa, kashi 11 zuwa 15 kacal suke yi da lantarki, suna shan lita 7.6 zuwa 8.4, alhali takarda ta ce ba su kai lita biyu ba.

A nan ya kamata a tsaya, domin da yawa daga cikin manyan jif-jif na alfarma ta hannun kamfanoni ake sayen su. Ɗauki babban ma'aikaci a Jamus. Ya zaɓi mai caji ne domin harajin da ake cire masa kan motar ofis rabin na mai fetur ne. Kamfani ya ba shi katin shan mai, duk gidan man da ya shiga ba ya taɓa aljihunsa. Idan kuma ya jona motar a gida, sau da yawa kuɗin wutar a kansa yake. Ya dawo da dare a gajiye, ana ruwa, wayar cajin tana can ƙasan but. Wa zai sunkuya? A Ingila an sha ba da labarin motocin kamfani da aka mayar bayan shekaru, wayar cajinsu tana nan cikin ledarta ba a taɓa warware ta ba. Ni ban ga laifin ma'aikacin sosai ba. Wanda ya tsara haraji da katin mai shi ya nuna masa hanya.

Kada a ce na yi wa motocin rashin adalci. Injiniyoyin sun yi aiki. Range Rover mai caji tana ɗauke da batir mai ƙarfin kilowat-awa 38.2, takarda ta ba ta sama da kilomita 110, kamfanin da kansa ya ce a zahiri a sa rai da kusan 90. Ga wanda ke da gareji da soket, yana jonawa kowane dare, tafiyarsa ofis da makarantar yara da kasuwa, wannan ya isa ya yi makonni bai leƙa gidan mai ba, motar na tafiya shiru cikin gari ba hayaƙi a hancin masu tafiya a ƙasa. Amma a hau babbar hanya, bayan awa guda batirin ya zama kaya, ɗaruruwan kilo da injin zai ja. Hukumar kula da muhalli ta Amurka, wadda ke rubuta lambobi biyu daban a jikin gilashin sabuwar mota, ta nuna cewa X5 ɗin nan idan cajinta ya ƙare tana shan sama da lita 10 a kilomita 100, fiye da 'yar'uwarta mai fetur zalla. Batirin kuma ya ci wuri: but ɗin X5 ya sauko daga lita 650 zuwa 500, kujerun layi na uku sun tafi, haka ma Range Rover mai caji ba ta zuwa da kujeru bakwai. Cika batir a na'urar bango yana cin awa huɗu zuwa biyar, a soket ɗin gida kuwa sai a kwana.

An fara gyara. Jamus ta dakatar da tallafin sayen irin waɗannan motoci a farkon 2023. Daga 2025 Tarayyar Turai ta rage wancan zaton na yawan tafiya da lantarki, lambar wasu motocin ta ninka a takarda ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsu ba. An tsara ƙarin gyara a 2027, kuma a nan ne nake jin tsoro, domin ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus, VDA, ta fito fili tana neman a dakatar da shi. Hukumar da ta auna ta ga gaskiya da idonta ba ta da uzurin ja da baya. Idan ta janye, wahalar da aka sha ta saka na'ura a miliyoyin motoci ta tashi a banza.

Wani aikin kuma shi ne a kai gaskiyar inda mai saye yake. Ba ya karanta rahoton hukuma, takardar da ke jikin mota yake dubawa. A rubuta masa ƙarara nisan da batir ke kaiwa a zahiri, da man da motar ke sha idan cajin ya ƙare, kamar yadda Amurka ke yi. Sassaucin haraji kuma a ɗaure shi da caji na gaske, tunda yanzu na'urar tana iya shaida.

Mu ma abin ya shafe mu, domin motar da Turai ta gama yayi ita ce ke sauka Kwatano da Legas, ta iso Kano da Maraɗi da sunan Beljiyam. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, duk dillalin da ya ce mota ba ta shan mai ana sauraronsa. Batirin da ya yi shekara bakwai ko takwas ba zai ba da nisan sabo ba, zafin rana irin namu kuma ba ya yi wa batir daɗi. Turai na shirin fara bai wa kowane sabon batirin mota mai aiki da lantarki takardar shaida ta kwamfuta daga 2027. Ya kamata wannan shaida ta bi motar har tashar jirgin ruwa, yadda bakanike a nan zai iya karanta ta. Kai kuma mai shirin saye, kafin ka ajiye miliyoyinka ka duba gidanka. Idan kana da wuta tsayayya ko sola mai ƙarfi, kuma yawancin zirga-zirgarka cikin gari ce, motar za ta biya ka. Idan janareta za ka tayar ka cika mata batir, ko kullum kana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ka nemi wata.